Ranakun Buɗe Lambuna Don Agaji a Birtaniya: Tambayoyi da Amsoshi

Daga watan Afrilu zuwa Satumba, matafiyi a ƙauyukan Ingila da Wales yakan ci karo da ƙananan alluna masu launin ruwan ɗorawa a ɗaure jikin turakun bakin hanya, kowanne da kibiya mai nuna hanyar wani gida. Alama ce ta cewa masu gidan sun buɗe lambunsu ga jama'a a wannan rana, kuma abin da aka tara zai tafi wurin jinyar marasa lafiya. Hausawa da yawa da karatu ko aiki ya kai su ƙasar suna wuce allunan nan ba tare da sun tsaya ba, bisa zaton cewa sha'anin 'yan gari ne wanda baƙo ba shi da gurbi a cikinsa. An tattara amsoshin nan domin su, da kuma duk mai son sanin yadda lambun gida ya shafe kusan shekara ɗari yana ɗaukar nauyin ma'aikatan jinya.

Mene ne ake yi a irin wannan rana?

Mai gida yana buɗe ƙofar lambunsa na wasu sa'o'i, galibi bayan azahar a ranar Asabar ko Lahadi, sau ɗaya ko sau biyu a shekara. Mai ziyara ya biya ɗan kuɗin shiga a bakin ƙofa, ya zagaya ya ga furanni da itatuwa da fangulan kayan miya, ya tambayi mai lambun abin da ya shige masa duhu, sannan ya zauna ya sha shayi da kek ɗin da aka gasa a gida. A kusa da ƙofa akan kafa teburin sayar da dashe, a wasu lambunan kuma akan gayyato makaɗa. Mai lambun ba ya taɓa kuɗin shiga, yana miƙa shi ne ga ƙungiyar agajin da ya buɗe lambun da sunanta. Mafi girma kuma mafi daɗewa a cikin waɗannan ƙungiyoyi ita ce National Garden Scheme, wadda ake taƙaitawa da NGS, mai allunan ruwan ɗorawan nan, kuma lambunan da ke buɗewa a ƙarƙashinta sun haura 3,000 a kowace shekara.

Yaushe aka fara, kuma me ya haɗa lambu da jinya?

Tushen maganar yana birnin Liverpool. A shekarar 1859 matar wani attajiri mai suna William Rathbone ta rasu bayan jinya a gida, inda wata ƙwararriyar ma'aikaciyar jinya, Mary Robinson, ta kula da ita. Ganin sauƙin da matarsa ta samu a kwanakinta na ƙarshe ya sa Rathbone ya ci gaba da biyan ma'aikaciyar domin ta riƙa bin gidajen talakawan birnin tana duba marasa lafiyarsu, daga baya kuma, da shawarar shahararriyar ma'aikaciyar jinya Florence Nightingale, ya taimaka aka kafa makarantar horar da irinta. Daga nan aikin jinyar gida-gida ya bazu, har a 1887 aka kafa cibiyar da aka sani da Queen's Nursing Institute da kuɗin da matan ƙasar suka tara don bikin cikar Sarauniya Biktoriya shekara 50 a kan mulki.

A wancan zamani gwamnati ba ta biyan waɗannan ma'aikata, da gudummawar jama'a suke aiki, kuma idan ɗaya ta tsufa babu abin da za ta dogara da shi. Wata 'yar majalisar cibiyar mai suna Elsie Wagg ce ta kawo shawarar a roƙi masu manyan lambuna su buɗe su ga jama'a a kan sule ɗaya. A 1927 lambuna 609 suka amsa kiran, har da na gidan sarauta da ke Sandringham, aka tara fiye da fam 8,000. Wanda ya san lissafin fam da sule, irin wanda Nijeriya ma ta yi aiki da shi kafin naira ta zo a 1973, ya san sule 20 ke cika fam ɗaya, ke nan sama da sule 160,000 aka ƙirga a shekarar farko. Da yayyafi kogi kan cika.

Akwai wani abu da ya kamata a lura da shi a nan, domin shi ne ƙashin bayan tsarin har gobe. Ba a roƙi talaka ya ba da kyauta hannu rabbana ba, an sayar masa ne da abin da yake marmari, wato leƙa bayan katangar da bai taɓa tsammanin zai ƙetare ba. Mai lambun ya ba da wahalarsa ta shekara guda, mai ziyara ya ba da sulensa, kowa ya koma gida da mutuncinsa, mara lafiya kuma ya samu mai duba shi.

Da gwamnati ta karɓi harkar lafiya, me ya hana tsarin mutuwa?

A 1948 aka kafa hukumar lafiya ta ƙasa, NHS, albashin masu jinyar gida-gida ya koma hannun hukuma. Sai aka karkata kuɗin lambuna ga tallafa wa ma'aikatan da suka yi ritaya da horar da sababbi, aka kuma haɗa hannu da National Trust, ƙungiyar adana wuraren tarihi, wajen ceto tsofaffin lambunan tarihi. A 1980 NGS ta zama ƙungiyar agaji mai cin gashin kanta. Abin da ya raya ta shi ne, ko a ƙasar da ake jinya kyauta, akwai giɓin da baitulmali ba ya cikewa, musamman kula da wanda likitoci suka tabbatar ba zai tashi ba, da kuma iyalan da ke ɗawainiya da shi dare da rana.

Ina kuɗin ke zuwa a yau?

Kaso mafi tsoka yana zuwa ga ƙungiyoyin jinya. Macmillan Cancer Support, mai tallafa wa masu ciwon daji, ta shiga cikin masu amfana a 1984. A 1996 aka ƙara Marie Curie, wadda ma'aikatanta ke kwana a gidajen marasa lafiyar da ajali ya gabato musu domin iyalansu su samu runtsawa, tare da ƙungiyoyin da a yau ake kira Hospice UK, ta gidajen jinyar ƙarshen rayuwa, da Carers Trust, mai tallafa wa masu ɗawainiya da marasa lafiya. Daga baya Parkinson's UK, ta masu cutar karkarwar jiki, ta shigo, ita ma cibiyar jinyar da ta haifi tsarin tana samun rabonta har yanzu. Ana kuma ba da wani kaso don gina lambuna a wuraren jinya, kamar na Horatio's Garden a cibiyoyin masu raunin laka da na Maggie's a kusa da asibitocin ciwon daji, da horar da matasa sana'ar lambu, da ƙananan tallafi ga lambunan unguwa.

Daga 1927 zuwa yau jimillar abin da aka bayar ta zarce fam miliyan 70, a 'yan shekarun nan kuma akan raba sama da fam miliyan 3 a shekara. Ƙungiyar tana da rajista da hukumar sa ido kan ƙungiyoyin agaji, Charity Commission, inda kowa zai iya duba lissafin kuɗinta ta intanet. Mai bayarwa yana da haƙƙin ya duba, kuma ya dace ya duba.

Akwai ƙarin bayani guda mai muhimmanci. Kuɗin shayi da na dashe ba lallai ne su bi hanyar kuɗin shiga ba. A wasu lambunan cinikin shayi na cocin ƙauye ne ko na wata ƙungiya ta kusa, kuma akan rubuta haka a fili, a sanarwa ko a kan tebur. Wanda yake son sanin inda kowane kwabonsa zai faɗa, sai ya karanta ko ya tambaya.

Lambunan masu hali ne kaɗai ake buɗewa?

Haka aka fara, amma yanzu abin ya sauya ƙwarai. Marubuciya Vita Sackville-West ta buɗe shahararren lambunta na Sissinghurst ga jama'a a karon farko a 1938 ta wannan hanya, kuma irin waɗannan manyan wurare suna nan cikin jerin. Sai dai a yau za a tarar da ɗan tsakar gidan da bai fi faɗin ɗaki biyu ba a Landan, da filayen noman haya da ƙananan hukumomi ke ba mazauna birni, da lambunan makarantu da na gidajen jinya. Akwai kuma buɗewar haɗin gwiwa, inda gidaje shida ko goma na ƙauye ɗaya ke buɗewa rana ɗaya da tikiti ɗaya. Ga wanda yake zaune a gidan haya mai ɗan fili a baya, ƙananan lambunan nan sun fi amfani, domin abin da ya gani a can zai iya gwadawa a gidansa.

Ta yaya ake karɓar lambu cikin tsarin?

Kowace gunduma tana da 'yan sa kai da ke zuwa su duba lambun da idonsu, su kuma tattauna da mai shi. Suna neman lambu mai kyan kulawa, mai halinsa na kansa, wanda zai riƙe hankalin baƙo na ɗan lokaci. Suna duba wurin ajiye motoci da matakala da tafki da duk abin da zai iya zama haɗari ga yaro ko tsoho. Idan lambun ya yi ƙanƙanta, sai a haɗa shi da na maƙwabta. Wanda aka karɓa yana samun alluna da takardun sanarwa, kuma inshorar ƙungiyar tana rufe shi a ranar buɗewa idan wani baƙo ya ji rauni.

Wane irin kiɗa ake yi, kuma a kowane lambu ake yin sa?

Mafi yawan lambuna babu kiɗa a cikinsu ko kaɗan. Inda ake yi, yawanci makaɗan yankin ne da suka ba da lokacinsu kyauta ko a kan ɗan abin kuɗin mota: ƙungiyar masu busa ƙahonin tagulla ta ƙauye, wadda tsohuwar al'ada ce musamman a arewacin Ingila, ko mutum huɗu masu gogen Turawa, ko mawaƙan makaranta, ko 'yan jaz a buɗewar maraice. Akan zaunar da su a gefe guda, kusa da wurin shan shayi, sautin kuma ba ya hana mutum jin maganar na kusa da shi.

Amfanin kiɗan ga masu shiryawa a fili yake. Yana jawo iyalai da mutanen da furanni kaɗai ba za su fito da su daga gida ba, yana kuma sa mutane su daɗe a zaune, wanda ya daɗe kuwa zai ƙara kofin shayi, ya sake komawa teburin dashe. Amma a ganina, duk lambun da aka kai lasifika ta danne hirar baƙo da mai lambu, an yi asarar abin da ya fi komai daraja a ranar, domin wannan hira ce ke sa mutum ya dawo baɗi. Wanda ba ya sauraren kiɗa saboda addini ko don ra'ayinsa ba zai rasa wurin zuwa ba, tunda sanarwar kowane lambu tana faɗa idan za a yi.

Sai da lasisi ake gayyato makaɗa?

A Ingila da Wales dokar lasisi ta 2003 ce ke tafiyar da wannan fanni, kuma ta keɓe bukukuwan lambu da makamantansu daga neman lasisin nishaɗi, muddin ba don ribar wani mutum aka shirya su ba. Dokar kiɗa ta 2012 ta ƙara sassauci, inda ta halatta kiɗan da babu lasifika a cikinsa a ko'ina tsakanin ƙarfe 8 na safe da 11 na dare. Idan za a yi amfani da lasifika, hikima ita ce a tuntuɓi sashen lasisi na ƙaramar hukuma tun da wuri, a kuma sanar da maƙwabta.

Sayar da barasa kuwa hukuncinsa daban. Yana buƙatar sanarwar taro na wucin gadi, wadda ake biya wa fam 21, a miƙa ta aƙalla kwanakin aiki 10 kafin ranar, kuma mahalarta ba za su wuce 499 a lokaci ɗaya ba. Haƙƙin mallakar waƙoƙi shi ma wani babi ne mai zaman kansa, wanda hukumomin PRS da PPL ke karɓa a madadin mawallafa da makaɗa, kuma tun 2018 suke ba da lasisi ɗaya na haɗin gwiwa. A Sikotland da Ireland ta Arewa dokokin sun bambanta.

Me ya sa ake ɗokin teburin dashe?

Domin abin da ke kansa yawanci daga ƙasar lambun da mutum ya gama zagayawa ya fito. Masu lambu sukan tsaga tushen shuke-shuken da ke sake tofowa kowace shekara, su yanki rassa su kafa, su yafa iri tun cikin hunturu, duk don wannan rana. Mai saye ya riga ya ga uwar dashen a tsaye, ya san tsayinta da launin furenta da inda aka shuka ta, kuma ya tabbatar tana jure ƙasa da sanyin yankin. Farashin yakan yi ƙasa da na manyan shaguna, a wasu lokutan kuma akan samu irin da ba a sayarwa a kasuwa sam. Wannan ya sa gogaggu ke fara zuwa teburin kafin su zagaya, su biya, a ajiye musu a gefe.

Kafin a biya, a ɗaga tukunyar a duba gindinta. Saiwa fara mai ɗan leƙowa alama ce ta lafiya, baƙa mai wari kuma ruɓa ce. A juya ganyen a duba ko akwai ƙwari ko ƙwayayensu a ƙarƙashi. A tambayi mai sayarwa ko rana dashen ke so ko inuwa, ko yana jure laka, ko yana mamaye fili. Na'ana'a, alal misali, idan aka sa ta a ƙasa sai ta cinye fangali, don haka a tukunya ake barin ta. Dashen tumatir da barkono da ake sayarwa a farkon Mayu ba a fitar da su waje sai ƙarshen watan a yawancin sassan ƙasar, saboda raɓar ƙanƙara ta dare ɗaya tana iya kashe su.

Mai sayarwa shi ma akwai nauyi a kansa. Dokar kare namun daji da karkara ta 1981 ta haramta shuka wasu baƙin tsirrai masu mamaya a daji ko barin su su bazu. Mafi ƙaurin suna a cikinsu shi ne Japanese knotweed, wanda aka shigo da shi a ƙarni na 19 don ado, yau kuma samun sa a fili yana iya hana banki ba da rancen sayen gida.

Zan iya tafiya da dashe gida, ko in kawo iri daga gida?

Ba a yin ko ɗaya ba tare da takarda ba. Shigo da tsiro mai rai Birtaniya yana buƙatar takardar shaidar lafiyar tsirrai daga ƙasar da ya fito, shigar da shi Nijeriya kuma sai da izinin hukumar killace kayan gona, NAQS. Dalilin ba ƙarami ba ne. Cutar da ke kashe itatuwan ash a faɗin Birtaniya a jikin dashen da aka shigo da shi daga Netherlands aka fara tabbatar da ita a 2012. Bayan haka, furen da ya saba da sanyin Ingila da wuya ya ƙetare bazarar Kano ko Damagaram. Mai kewar miyar gida ya nemi irin alayyafo a cikin ƙasar, yana yi sosai a waje daga Yuni zuwa Satumba, kuɓewa kuwa sai a ɗakin gilashi.

Yaushe ake buɗewa, nawa ake biya, kuma ina ake samun jerin?

Ana farawa tun Fabrairu da lambunan farin furen snowdrop, abin ya kankama a Mayu da Yuni da Yuli, ya lafa a Oktoba. Kuɗin shiga 'yan fam kaɗan ne, yara kuma a yawancin wurare kyauta suke shiga. Ana samun jerin a shafin ƙungiyar na intanet, inda mutum zai sa lambar unguwarsa ya ga na kusa da shi, ko a littafin shekara-shekara da aka daɗe ana kira Yellow Book saboda launin bangonsa. Wasu lambunan sai an sayi tikiti tun daga gida, tsarin da ya yaɗu a 2020 lokacin annobar korona, wasu kuma sai an yi alkawari da mai su. Yana da kyau a riƙe tsabar kuɗi, domin ba kowane teburin shayi ke karɓar kati ba.

Me ya kamata Musulmi ya lura da shi?

Abu huɗu. Wasu nau'o'in kek, musamman mai busassun 'ya'yan itace, akan jiƙa su da barasa, wasu kayan zaƙin kuma akwai sinadarin gelatin a cikinsu, don haka a tambayi wadda ta gasa, za ta faɗi gaskiya ba tare da jin haushi ba, tunda sun saba da irin wannan tambaya daga masu matsalar abinci. A buɗewar maraice akan miƙa kofin giya a bakin ƙofa, tare da lemo ga wanda ba ya sha. Wasu lambunan suna barin a shigo da karnuka a ɗaure, kuma sanarwar tana nuna haka da alama. Ba kowane gida ke buɗe banɗaki ga baƙi ba, saboda haka gara a fito da alwala, idan kuma lokacin salla ya riski mutum ya nemi izinin mai gida a nuna masa gefe.

Waɗanne ladubba ake kiyayewa?

Gidan mutum ne aka shiga, kuma wannan ya isa jagora. Ba a tsinkar fure, ba a yankar reshe ko ɗibar iri a ɓoye, alhali idan aka roƙa sau da yawa mai lambu zai yanka da hannunsa ya bayar. Ba a taka fangali don ɗaukar hoto, ba a shiga cikin gida, ba a sakin hannun yaro kusa da ruwa, kuma a ajiye mota inda aka nuna domin kada a tare ƙofar maƙwabci, wanda haƙurinsa ne ke sa a iya buɗewa shekara mai zuwa.

NGS ce kaɗai ke yin wannan?

A'a. Sikotland tana da tata ƙungiyar tun 1931, mai suna Scotland's Gardens Scheme, wadda ke barin mai lambu ya zaɓi ƙungiyar da wani kaso na kuɗin zai tafi. Gidajen jinyar ƙarshen rayuwa da dama suna shirya nasu ranakun, ƙauyuka kuma suna yi don gyaran coci ko ɗakin taro, kuma a irin waɗannan na ƙauye ne aka fi samun kiɗa. A Amurka ƙungiyar Garden Conservancy ta fara makamancin shirin a 1995, sai dai ita kuɗinta yana tafiya ne ga adana lambuna.

Idan ruwan sama ya sauka fa?

Ana buɗewa duk da haka, sai dai idan iska mai ƙarfi ko ambaliya ta sa wurin ya zama haɗari, a nan ne akan sanar da sokewa a shafin intanet, don haka a duba da safe kafin a kama hanya. Makaɗa sukan koma ƙarƙashin rumfa, shayi ya koma gareji ko ɗakin taron ƙauye. A zo da takalmi mai kama ƙasa da rigar ruwa, da kwali ko jaka mai faɗin gindi da za a jera tukwanen dashe a ciki don kada su kife a mota.